Aikin cikin jirgin sama: kamfanin gida, Dubai da Doha, jigilar alhazai, ko jirgin attajirai?

'Yar yayata ce ta ja ni cikin wannan magana. Ta gama hidimar ƙasa bara, ta zo ofishina da waya a hannu ta nuna mini abu uku: tallan wata makaranta a Legas mai horas da ma'aikatan jirgi, shafin ɗaukar aiki na kamfanin jiragen Emirates na Dubai, da wani saƙon WhatsApp da ke cewa ana neman ƙarin hannu don jigilar alhazai. Ta ce, "Kawu, wanne zan bi?" Na shafe shekaru ina yanka wa mutane tikiti da shirya tafiyar Umara a Kano, na san masu wannan aiki da dama, na kuma ga waɗanda suka shiga da ɗoki suka fita kafin shekara. Amsar da na ba ta ce na faɗaɗa a nan. Zan riƙa cewa "ke" domin mata sun fi yi mini wannan tambaya, amma namiji ma ya ɗauka da shi ake, maza da yawa na wannan aiki.

Halin da ake nema kafin a zo maganar kamfani

Galibin mutane suna ɗauka aikin rabon shayi ne da murmushi. Ba don shayi doka ta tilasta a sa ma'aikata a jirgi ba. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce ma'aikaci ɗaya ga kowace kujera 50, kuma kafin a amince da samfurin babban jirgi sai an gwada cewa za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa. Ranar 2 ga Janairu 2024 wani jirgin Japan Airlines ƙirar A350 ya yi karo da ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokyo, ya kama da wuta. Na'urar sanarwa ta mutu. Da lasifikar hannu da maƙogwaro ma'aikatan suka fitar da mutum 379 ta ƙofa uku cikin takwas, ba a rasa ko ɗaya a cikinsu ba. Wannan shi ne aikin. Shayin cike gurbi ne tsakanin tashi da sauka.

A nan ne tarbiyyarmu take taimako, a nan kuma take cikas. Haƙuri, kawaici, fara'a, girmama baƙo: duk mun taso da su, kuma kamfanoni kuɗi suke kashewa su koya wa wasu abin da ke kin samu a gida. Amma kunya da kara fa? Na taɓa zama a jirgin Kano zuwa Abuja kusa da wani dattijo mai babbar riga, jirgi ya fara tafiya a ƙasa shi kuwa yana ta ciniki a waya. Yarinyar da ke aiki ba ta wuce sa'ar jikarsa ba. Ta zo ta rusuna ta ce, "Baba, don Allah a kashe waya." Ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata. Ta sake faɗa. Karo na uku ta miƙe tsaye, murmushin ya ɗauke, ta ce, "Ranka ya daɗe, jirgin nan ba zai tashi ba sai ka kashe, zan sanar da kyaftin." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma matsa daga wurin ba sai da ya kashe. Bayan an tashi ita ce ta kawo masa ruwa tana tambayarsa ko yana son ƙari, kamar ba a yi komai ba.

In kin san ba za ki iya kallon sa'an mahaifinki ki ce masa a'a ba, ko kuma in kin faɗa sai abin ya tsaya miki a rai har yamma, to ki tsaya ki yi tunani tun yanzu. A watan Agustan 2025 duk ƙasa ta ga bidiyon rikicin da ya ɓarke a jirgin Ibom Air daga Uyo zuwa Legas, kuma kan maganar kashe waya aka faro.

Sauran abubuwan su ne Turanci mai fita sarai, jikin da zai jure tsayuwa da tura amalanken abinci a jirgin da ke girgiza, da ƙwaƙwalwar haddace matakai. Kafin kowace tafiya shugabar ma'aikata kan yi tambayoyi kan matakan gaggawa, wanda ya kasa amsawa ana iya sauke shi daga tafiyar. Za ki koyi kashe wuta, har da ta batirin waya, da farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, da karɓar haihuwa in ta kama. Sai iyo. Wannan shi ne ramin da 'yan Arewa suka fi faɗawa, domin a horon saukar gaggawa kan ruwa sai kin shiga kwarmin wanka da rigar ceto, kin hau kwalekwalen roba, kin jawo wani. Mai tsoron ruwa ta fara da koyon iyo kafin ta biya kuɗin kowace makaranta.

Ma'aunin da na auna hanyoyin da shi

Abu shida na duba: abin da za ki kashe kafin albashin farko, wahalar samun shiga, abin da zai shigo aljihu, ɗorewar aikin, yadda zai zauna da addininki da iyalinki, da irin halin da wurin ya fi ci. Na biyar ɗin ne ba za ki gani a tallan kowane kamfani ba, shi ne kuma ya fi fitar da 'ya'yanmu daga aikin.

Hanya ta farko: kamfanin cikin gida

Ina nufin irin su Air Peace, Ibom Air, Aero, Arik, da namu na Arewa kamar Max Air da Rano Air. A Najeriya ma'aikacin cikin jirgi sai da lasisin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA. Hanyar da aka saba ita ce shekara 18 zuwa sama, kiredit biyar har da Turanci, kwas a makarantar da hukumar ta amince da ita, takardar lafiya daga likitan da hukumar ta yarda da shi, sannan jarrabawa. A Arewa akwai kwalejin Zariya, NCAT, wadda Zazzagawa ke kira Abiyeshan, an kafa ta tun 1964. A Legas akwai makarantu masu zaman kansu. Kwas ɗin na watanni ne kaɗan, ba shekaru ba.

Kuɗin kuwa daga aljihunki zai fita, ɗaruruwan dubban naira, ban da masauki da abinci da gwajin lafiya da kuɗin lasisi. Ki sa a rubuta miki jimillar a takarda, a fayyace me ke ciki me ba ya ciki, kuma ki duba da idonki cewa sunan makarantar yana cikin waɗanda NCAA ta amince da su. Satifiket mai ado daga makarantar da hukuma ba ta sani ba, takardar ƙunshe ƙosai ne.

Ga abin da makarantu ba sa son faɗa: lasisi ba aiki ba ne. Hangen Dala ba shiga birni ba. Masu lasisi sun fi guraben da ake da su yawa, domin jiragen da ke tashi a ƙasar nan ba su da yawa. Kuma lasisin ba ya zama a cikin akwati yana jira. Ana ɗaura shi ne kan samfurin jirgi, misali Boeing 737 ko Embraer, akwai kuma horon sabuntawa duk shekara. Wadda ta yi shekara biyu a gida tana jiran kira za ta sake zuba kuɗi kafin ta tashi.

Albashi da naira ne, da ɗan alawus na tashi da na kwanan waje. Ya fi na ayyukan ofis da yawa da mai shekarunki za ta samu, amma in mazauninki Legas ne, haya da kuɗin mota zuwa filin jirgi da asubar fari za su ci rabonsu. Kamfanin da ke fita waje, kamar Air Peace da ya fara zuwa Landan a Maris 2024, yana da tafiye-tafiyen da alawus ɗinsu ya fi tsoka, sai dai sabuwar shiga ba ta cika farawa daga nan ba.

Ɗorewa ita ce babbar matsalar wannan hanya. Ki ƙirga da yatsunki: Nigeria Airways ya rufe a 2003. Air Nigeria ya tsaya a 2012. Chanchangi, IRS, Kabo, Bellview, duk mun hau su, yau babu. A Fabrairun 2017 hukumar gwamnati mai karɓo basussuka, AMCON, ta karɓe Arik saboda bashi. Aero, wanda ya girmi 'yancin kan ƙasar nan, ya dakatar da jigila na wasu watanni a 2022. Man jirgi da kayan gyara da dala ake lissafinsu, tikiti kuwa da naira ake sayarwa. Duk ranar da lissafi ya ƙi, ma'aikata ne ke fara ji a jikinsu. Abin da ke rage zafin shi ne lasisin naki ne, ba na kamfani ba. In wannan ya rufe, kina iya ɗaukar shi zuwa wancan.

Ta fuskar gida kuwa, babu wadda ta kai ta sauƙi. Kano zuwa Abuja bai kai awa ɗaya ba, Kano zuwa Legas kamar awa ɗaya da rabi. Yawancin ranaku a gadonki za ki kwana. Abin da ake rabawa a gajeren zango ruwa ne da lemo da ɗan abin taɓawa. A kamfanonin Arewa an fi samun sassauci kan rufe kai. Ana iya aure, ana iya zuwa suna da ta'aziyya, in dai jadawali ya bari.

Halin da wannan wuri ke ci shi ne haƙurin ɗaukar laifin da ba naki ba. Lokacin hunturu hazo kan rufe Kano, a jinkirta jirgi awa huɗu ko a soke shi. Fasinja ba ya ganin manaja, ba ya ganin hazo, ke yake gani. Za ki iya yin zango huɗu a yini, kowanne da sabbin fuskoki masu fushi, ga kuma masu "kin san ko ni wane ne?" Mai saurin hawaye ko saurin mayar da magana za ta sha wuya.

Hanya ta biyu: manyan kamfanonin Gulf

Emirates a Dubai, Qatar Airways a Doha, Etihad a Abu Dhabi. Abu na farko da nake so ki riƙe: waɗannan ba sa neman lasisin NCAA, ba sa kuma karɓar ko sisi don ɗaukar aiki. Su suke horas da ke a makarantarsu, na kimanin wata biyu, su biya tikiti da biza. Saboda haka wadda burinta Dubai ne kaɗai, biyan kuɗin kwas a gida ba shi ne zai buɗe mata ƙofa ba. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi zai sa sunanki, ɗan damfara ne. A shafin kamfanin ake cikewa.

Sharuɗɗan Emirates a bayyane suke: shekara 21, tsawon santimita 160, hannu ya taɓo santimita 212 kina tsaye a kan yatsun ƙafa, kammala sakandare, Turanci a baki da rubuce, gogewar shekara ɗaya a aikin hulɗa da jama'a, kuma ba zanen jiki da zai fito in an sa kayan aiki. Qatar ma na neman shekara 21 da wannan miƙa hannu na 212. Ba don kwalliya aka sa awon ba, don ki iya kaiwa ga kayan gaggawa da ke ma'ajiyar sama ne. Ki sa alama a bango ki gwada yau, kada ki je har wurin tantancewa a mayar da ke kan santimita biyu.

Shiga tana da wuya ƙwarai. Da 'yan Filifin da Masar da Birazil da Kenya za ki yi takara. A ranar tantancewa akan haɗa ku rukuni a ba ku wata matsala ku tattauna, ana kallon wa ke sauraro, wa ke katse mutane, wa ya yi shiru kamar ba ya wurin. Kawaicinmu kan cuce mu a nan: yarinya mai hankali ta sunkuyar da kai tana jiran a ba ta dama, mai tantancewa ya rubuta ba ta da kuzari. Akwai kuma siyasar ƙasashe, wadda ba ta hannunki. Emirates ya daina zuwa Najeriya a ƙarshen 2022, bai dawo ba sai 1 ga Oktoba 2024, kuma a tsakanin nan bizar Daular Larabawa ta yi wa 'yan Najeriya wuya.

Wajen kuɗi babu mai ja da su. Sabon ma'aikaci a Emirates yana tashi da dirhami dubu 10 da ɗoriya a wata in aka haɗa albashi da kuɗin awannin tashi, babu haraji, ga gida kyauta, ga motar kai wa aiki, ga alawus na abinci a garin da aka kwana. Dirhami a ɗaure yake da dala, kusan 3.67 a dala ɗaya, don haka faɗuwar naira ba ta taɓa ki, ƙara miki ma take yi. Mai kamun kai za ta iya gina gida a Kano cikin 'yan shekaru. Mai son jaka da turare kuwa za ta dawo da hotuna.

Kamfanonin ba sa rushewa kamar namu, gwamnatoci ne a bayansu. Amma zamanki a ƙasar a kan aikin yake rataye. Ranar da aiki ya ƙare, biza ta ƙare, gida ya ƙare. A 2020, lokacin korona, dubban ma'aikata aka sallama suka tattara kayansu. Babu ƙungiyar ƙwadago da za ki kai wa kuka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Emirates da Qatar da Etihad duka suna raba giya a jirgi, kuma rabon yana cikin aikinki, ba a zaɓa. Sunan ƙasar Larabawa kada ya rufe miki ido. Kayan aikinsu ma ba hijabi ba ne. Jar hular Emirates da farin mayafin da ke rataye a gefe ado ne, ana cire su bayan an tashi. Ki san matsayinki kan wannan, ki tambayi malamin da kika yarda da shi, kafin ki cike fom, ba bayan kin sa hannu a kwantiragi ba. Akwai kamfanonin yankin da ba sa raba giya: Saudia, Flynas, Kuwait Airways, Air Arabia. Ga wadda wannan ya dama, can ya kamata ta sa ido, ko da kuɗin bai kai na manyan uku ba. Wadda ta yi Islamiyya mai kyau ta iya Larabci tana da abin da za ta nuna a can.

Gidan da za a ba ki na haɗaka ne da wasu mata 'yan wasu ƙasashe, yana da dokokin baƙi, kuma ba gidan zama da miji ba ne. An fi sanin Doha da tsauri. Sai a 2015, bayan Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi suka, Qatar Airways ya sassauta ƙa'idar da ta ba shi damar sallamar ma'aikaciya in ta yi ciki. Sallah za ta same ki a Sidni ko Sao Paulo. Awa 80 zuwa 100 a sama duk wata, wata tafiyar ta awa 14 ko fiye, yau dare gobe rana. Iskar cikin jirgi a bushe take kamar ta hunturu, mai azumi ta san abin da nake nufi. Lokacin salla kuwa sai kin riƙa lissafi da agogo biyu.

Halin da Gulf ke ci shi ne jure kaɗaici da bin doka ba gardama. Kusan kowace tafiya da sabbin abokan aiki za ki yi ta, waɗanda ba ki taɓa gani ba. Ana duba farce, ana duba ɗaurin gashi, latti na minti kaɗan yana shiga fayil. Wadda ba ta iya cin abinci sai da 'yan gidansu, kuɗin ba zai riƙe ta ba.

Hanya ta uku: jigilar alhazai

Wannan ce hanyar da Bahaushiya ta fi kowa riba a cikinta, kuma ita aka fi rainawa. A 2023 da 2024 kujera dubu 95 Saudiyya ta ware wa Najeriya, hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, kuma ke zaɓar kamfanonin da za su yi jigila. A 2024 Max Air da Air Peace da Flynas ne. Cikin 'yan makonni ake kwashe dubban mutane daga Kano, Sakkwato, Kaduna, Maiduguri da sauransu zuwa Jidda da Madina, sannan a dawo da su bayan Arfa. Aikin ya fi ƙarfin ma'aikatan dindindin, shi ya sa ake ƙara hannu na kwantiragi.

Mafi yawan fasinjojin ba su taɓa shiga jirgi ba. Na raka maniyyata na ga wata tsohuwa daga ƙauye da ta ƙi ci ta ƙi sha tun daga sansanin alhazai, don tsoron kada fitsari ya kama ta a sama. Ma'aikaciyar farko ta yi mata Turanci, ta yi nuni da hannu, tsohuwa ta ƙara ƙudundunewa cikin mayafi. Sai wata ta zo ta durƙusa a gabanta ta ce, "Inna, sannu da hanya. Taso in nuna miki bayin, ni zan tsaya miki a ƙofa." Ta nuna mata yadda ake kulle ƙofa, ta gargaɗe ta cewa abin zai yi ƙara in an danna, kada ta firgita, ta kuma roƙe ta kada ta zuba ruwa a ƙasa wajen alwala. Tsohuwar ta fito tana sa mata albarka har jikoki. Wannan bayanin na ruwan alwala ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙarƙashin daɓen jirgi wayoyin lantarki ne. A irin wannan tafiya Hausa kayan aikin tsaro ce, Fulatanci da Barbarci ma haka.

Lasisin NCAA ɗin nan dai shi ake nema in kamfanin na gida ne, kuma sau da yawa a kan manyan jirage, irin Boeing 747 da Max Air ya daɗe yana jigila da su. Kenan kuɗin shiga ɗaya ne da hanya ta farko, wani lokaci da ƙarin horo. Jirgin da aka yi haya daga waje kuwa yakan zo da ma'aikatansa. Kuɗin da ake samu na lokaci ne: wata biyu zuwa uku na aiki tuƙuru, sai a jira baɗi, in ban da abin da Umarar azumi ta kawo. Ba a gina rayuwa a kansa shi kaɗai. Amma babu giya, sutura ba matsala, iyaye ba sa ja, kuma awannin da kika tara a babban jirgi suna da nauyi a takardar neman aiki.

Halin da ake so a nan tausayi ne mai haɗe da tsayuwa. Tsofaffi, masu hawan jini, masu ciwon suga, ga jinkirin da kan kai kwana. A dawowa kuma rigimar kaya: kowa da tsarabarsa, kowa na so ya cusa ta ƙarƙashin ƙafa ko bakin ƙofar gaggawa, kuma kowa Alhaji ne sabon dawowa da ake jin nauyin yi wa musu.

Saƙon WhatsApp ɗin da 'yar yayata ta nuna mini kuwa, lambar asusun banki ce a ƙarshensa. Na ce ta goge.

Hanya ta huɗu: jirgin attajirai

Ba zan daɗe a nan ba domin ba ƙofar farawa ba ce. Ƙananan jiragen 'yan kasuwa da 'yan siyasa da ke Abuja da Legas galibi ma'aikaciya ɗaya suke ɗauka, kuma wadda ta riga ta goge ake nema, ta hanyar wanda ya san wani. Ke ce mai sayo abinci, mai jera shi, mai gyara ɗaki. Kuɗin yakan fi na kamfanin gida, amma babu jadawali, waya na iya ƙara ƙarfe biyun dare. Aikin yana rataye da arzikin mutum ɗaya da yanayin fuskarsa. Ana son mai riƙe sirri, wadda kuma ta san inda za ta ja layi, domin a sama babu shugabar ma'aikata da za ki kai wa ƙara.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Kamfanin gida | Manyan Gulf | Jigilar alhazai | Jirgin attajiri |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin shiga | Mai yawa, daga aljihunki | Kusan babu | Kamar na gida | Lasisi da gogewa |
| Samun gurbi | Da wuya, akwai jira | Da wuya ƙwarai | Da dama-dama ga mai lasisi da Hausa | Sai da sanayya |
| Samu | Matsakaici, da naira | Mai tsoka, ba haraji | Na lokaci | Mai kyau, ba tabbas |
| Ɗorewa | Kamfani kan rufe, lasisi na nan | Kamfani na nan, biza na rataye | Wata 2 zuwa 3 a shekara | Ya dogara da mutum ɗaya |
| Giya da sutura | Da sauƙi a gajeren zango | Akwai giya a manyan uku | Babu matsala | Ya danganta da mai jirgi |
| Iyali | Kusa | Nesa | Nesa na ɗan lokaci | Kusa, amma ba lokaci |
| Halin da ya fi ci | Haƙuri da fushin jama'a | Jure kaɗaici da doka | Tausayi da tsayuwa | Sirri da kamun kai |

Wa ya dace da wacce

In shekarunki 18 zuwa 20, Gulf ba ta buɗe miki ba tukuna. Ki nemi aikin da za ki riƙa fuskantar jama'a, a otal, asibiti, banki ko kantin zamani, ki gyara Turancinki, ki koyi iyo. Shekarar nan ta gogewa da Emirates ke nema, a nan za ki same ta, ana kuma biyan ki.

In ba ki da kuɗin kwas, kin kai 21, ba ki da aure, kuma kin warware maganar giya da sutura da kanki da iyayenki, ki nemi Gulf kai tsaye. Kada ki ci bashi don kwas ɗin da ba su tambaya ba. In an ƙi ki a karon farko ki sake nema, da yawa sai a karo na biyu ko na uku suke samu. In maganar giya ta tsaya miki, ki taƙaita nemanki ga kamfanonin da ba sa rabawa.

In kina da aure ko yana kusa, ko akwai iyayen da ke buƙatar ki, kamfanin gida ne naki, musamman mai mazauni a Kano ko Abuja. Amma kada a sayar da gona don kuɗin makaranta sai an tanadi abin da za ki ci na shekara guda kina jiran kira.

In kina da wata sana'ar da ke riƙe da ke, koyarwa ko kasuwanci, kina son jirgi amma ba ki son ya cinye rayuwarki, ko kina da lasisi yana neman mutuwa a akwati, ki bi jigilar alhazai ta ofishin kamfanin da kansa.

'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu Faransanci suna da ƙarin ƙofa: kamfanonin yanki irin ASKY da ke Lome, inda harshe biyu ke da daraja, kuma Faransanci kan ƙara wa takarda nauyi a Dubai da Doha.

Ita 'yar yayata hannunta ya wuce 212 da kyau, Turancinta ba laifi. Maganar giya ce ta tsayar da ita, ta ce ba za ta iya ba, babanta ma ya ce haka. Yanzu tana aiki a teburin karɓar baƙi na wani asibiti, tana tara kuɗin Zariya, ranar Asabar kuma tana zuwa koyon iyo, inda har yau ba ta yarda ta saki bakin kwarmin ba.